Duba haƙori da wanki a asibiti: inda amfanin yake, da inda kwalliya ce kawai

Kusan kowane asibitin haƙori yana da wannan hidimar, kuma a haɗe ake ba da ita: likita ya duba baki, a kankare dauɗar da ta yi kanta, a goge haƙora su yi santsi, a rubuta maka ranar dawowa. Zama ne na minti 30 zuwa 45, na farko kuma yakan kai awa guda saboda tambayoyi da ɗaukar hoto. Hukuncinmu a kanta kashi uku ne. Dubawar, in an yi ta yadda ya kamata, ta fi duk abin da ake yi a kujerar nan daraja. Kankarewar tana da amfani ga wanda yake da abin kankarewa. Gogewar ƙarshe kuwa, wadda mutane suka fi so saboda santsin da harshe yake ji, kwalliya ce. Matsalar ita ce yawancin masu zuwa da wannan ta ƙarshen suke auna aikin. Wanda ya fito haƙoransa na ƙyalli sai ya ce an iya aiki, ko da kuwa ba wanda ya taɓa dasashinsa da ƙarfen awo.

Rabin ingancin zaman daga gida ake tahowa da shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da mutane da yawa suke yi shi ne su kama buroshi daren da za su je, su dirji baki kamar ana wanke tukunya, su soka zare tsakanin haƙoran da suka yi wata shida ba su ga zare ba. Da safe sai su iso da dasashi a ƙuje, ja, yana jini da an taɓa shi. Likita ba ya ruɗuwa da wannan, sai dai yana ɓata masa awo. A 1965 wani mai bincike kan ciwon dasashi, Harald Löe, da abokan aikinsa a Denmark sun sa wasu masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki gaba ɗaya. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma kumburin ya sauka cikin kamar mako guda. Lissafin ke nan: dare ɗaya ba ya gyara komai, mako biyu yana gyarawa. Wanda ya yi mako biyu yana tsabtace bakinsa sosai kafin ranar, kumburin sama-sama ya tafi, inda ya rage yana jini shi ne inda ciwon gaske yake, kuma kankarewar ba za ta yi masa zafi kamar ta mai kumburarren dasashi ba. Sharaɗi ɗaya ne: in an tambaye ka yaushe ka fara, ka faɗi gaskiya. Likitan da ya ɗauka haka bakinka yake duk shekara zai ba ka ranar dawowa mai nisa fiye da yadda ya dace da kai.

A mako biyun nan ba wani sabon abu ake nema ba. Gogewa sau biyu a rana, minti biyu kowane karo, ɗaya daga ciki lallai kafin barci, da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, 1,350 zuwa 1,500 ppm (ma'aunin yawansa ke nan), adadin yana rubuce a jikin kwalin. A karkata gashin buroshin zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, domin a nan dauɗar take kwanciya, ba a tsakiyar haƙori ba. In an gama a tofar, kada a kurkure da ruwa, don kurkurewa tana wanke fuloraid ɗin da ake so ya zauna.

Tsakanin haƙora ne aikin yake. Buroshi ba ya shiga can, kuma can ne ruɓewa da ciwon dasashi suka fi farawa. Inda akwai 'yar kafa, ɗan buroshin tsakanin haƙora ya fi zare kwashe dauɗa. Na kamfanin TePe na Suwidin da launi ake gane girmansu: ruwan hoda 0.4, ruwan lemo 0.45, ja 0.5, shuɗi 0.6, rawaya 0.7, kore 0.8, har zuwa baƙi mai 1.5 na milimita. Wanda ya dace shi ne wanda yake shiga da ɗan matsi, gashinsa yana taɓa haƙoran biyu, amma wayar ba ta gogar su. In yana wucewa fuu ba tare da ka ji komai ba, ya yi ƙarami. In sai ka tura da ƙarfi, ya yi girma. Baki ɗaya yakan buƙaci girma biyu ko uku, ƙarami a gaba, babba a wajen turame. Inda haƙora suka matse sosai sai zare: a yanki kamar santimita 45, a naɗe shi a yatsun tsakiya, a zura a hankali, a lanƙwasa shi ya rungumi haƙori ɗaya a yi sama da ƙasa, sannan a rungumi na kusa da shi. Kwanakin farko za a ga jini. Ba zaren ne ya yanke ka ba, kumburin ne yake nuna kansa, kuma dainawa ita ce kuskuren.

Ruwan kurkure baki mai chlorhexidine, wanda wasu suke saya don su je da baki mai tsabta, ba mu ba da shawararsa ba sai likita ya rubuta. Yana kashe ƙwayoyin cuta, gaskiya ne, amma yana bar wa haƙora da harshe tabo mai ruwan ƙasa, yana canza ɗanɗano, kuma yana ɓoye kumburin da ake so a gani. Haka kayan sa haƙori fari: a ajiye su sai bayan zaman, don suna sa haƙori ya riƙa yin zirr, a kasa gane ko ciwo ne ko maganin ne.

Takardar da ta fi buroshi muhimmanci

Abin da ya fi raba asibiti mai kyau da na jeka-na-yi-ka tun kafin ka buɗe baki shi ne yadda suka ɗauki tambayoyin lafiya. Inda aka miƙo maka fom ka cike, aka jefa shi a fayil ba wanda ya karanta, an fara da kuskure. Kai ma naka aikin shi ne ka zo da sunan kowane magani da kake sha da yawansa. “Wani ɗan fari na hawan jini” ba suna ba ne. Ka ɗauki hoton kwalayen a waya, ko ka zuba su a leda ka taho da su.

Dalilin ba na cika takarda ba ne. Amlodipine da nifedipine na hawan jini, phenytoin na farfaɗiya, da ciclosporin da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, duk suna iya sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙora. Likitan da bai san kana shan su ba zai yi ta kankarewa yana ɗora maka laifin ƙazanta. Magungunan da suke busar da baki, irin amitriptyline da wasu na mura da ƙaiƙayi, suna rage yawu, kuma yawu ne yake wanke tsamin da ke cin haƙori. Mai busasshen baki yakan wayi gari da ruɓewa a gindin haƙora da yawa lokaci guda. Masu tsinka jini kuwa, warfarin, rivaroxaban, apixaban, clopidogrel, har da aspirin, a nan ne ake yin ganganci mafi haɗari: mutum ya dakatar da maganinsa da kansa don kada ya yi jini a kujera. Kada a yi haka. Jinin dasashi ana tsayar da shi da auduga da matsi, gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa kuwa ba a kujerar haƙori ake gyara shi ba. Mai shan warfarin ya zo da sakamakon gwajin INR, wato awon tsinkewar jini, na kwanan nan, wanda bai wuce kwana ɗaya zuwa uku ba in za a yi aikin da zai fitar da jini, kuma yawanci in yana ƙasa da 4 ana ci gaba da aiki. Magungunan ƙarfafa ƙashi, alendronate da allurar denosumab, a ambace su ko da an daina sha, saboda suna shafar yadda ƙashin muƙamuƙi yake warkewa in wata rana cire haƙori ya kama.

Sai abubuwan da ba magani ba: ciwon suga da sakamakon HbA1c na ƙarshe (gwajin matsakaicin sugan jini na watannin baya), juna biyu, bawul ɗin zuciya na roba ko na ƙarfe, taɓa yin ciwon da ƙwayoyin cuta suka kama cikin zuciya, na'urar daidaita bugun zuciya, da duk abin da jikinka ba ya so, musamman penicillin da robar safar hannu. Shan taba ma a faɗa, da yawan karan da ake sha a rana. Taba tana matse ƙananan jijiyoyin jinin dasashi, sai ya ƙi yin jini alhali ƙashin da ke ƙarƙashinsa yana zaizayewa.

In akwai haƙorin da yake damunka, ka lura da shi kwana biyu kafin ka je, don amsar tambayoyi huɗu za a nema: wanne ne, me yake tayar da shi, tsawon wane lokaci yake ɗauka, kuma yana tashinka daga barci? Zirr ɗin da ruwan sanyi yake kawowa ya wuce cikin daƙiƙa biyu yawanci gindin haƙori ne ya fito ko ƙaramin kogo ne. Zugin da yake zama bayan an haɗiye ruwan, ko yake zuwa da kansa cikin dare, jijiyar cikin haƙorin ce ta kumbura. Zafin da ake ji lokacin da aka saki cizo kuwa yakan nuna tsagewa. Saboda haka kada ka sha maganin kashe zafi dab da shiga in za ka iya jurewa, don likita yana gwada haƙori da sanyi da ƙwanƙwasawa, kuma haƙorin da aka kwantar da ibuprofen ba ya amsawa. In ka sha, ka faɗi lokacin.

Ranar kanta ba ta da wuya. Ka ci abinci kaɗan, musamman mai ciwon suga, ka goge baki kamar kullum. A taho da haƙoran roba, da abin da ake sawa da dare don cizon haƙora, da tsofaffin hotunan eksire in akwai. A bar jan baki a gida, leɓe yana cikin abin da za a duba. Wanda ƙurajen zazzaɓi masu ruwa suka fito masa a leɓe ya kira a ɗaga ranar har su bushe, don suna yaɗuwa.

A kan kujera

Dubi tiren kafin ka kwanta. Madubi da ƙarafan su zo a cikin leda a rufe, a yage ta a gabanka. A jikin ledar akwai alamar da take canza launi in ta shiga na'urar dafa kaya da tururi, wadda take kai zafi digiri 134 na aƙalla minti uku. Kayan da aka ɗauko tsirara daga aljihun tebur, ko aka tsamo daga kwanon ruwan magani, dalili ne isasshe na tashi a tafi.

Likita mai kyau ba da haƙori yake farawa ba. Zai taɓa ƙarƙashin haɓa da gefen wuya yana neman kaluluwa, ya sa ka buɗe baki ka rufe yana jin mahaɗar muƙamuƙi, sannan ya duba leɓe, cikin kunci, da ganɗa. Zai kama harshenka da ɗan ƙyallen auduga ya jawo shi gefe da gefe, ya ce ka ɗaga shi sama. Gefen harshe da ƙarƙashinsa su ne inda kansar baki ta fi ɓuya. Duk wannan bai kai minti biyu ba, kuma shi ne abin da aka fi tsallakewa in layi ya yi tsawo. In ba a yi ba, ka nema. Gyambon baki da ya wuce mako uku bai warke ba, ko wani fari ko jan tabo da ba ya gogewa, ka nuna shi da yatsa tun kafin a tambaye ka.

Daga nan sai ƙirgar haƙora, 32 ga babba in duk sun fito. Za ka ji yana kiran lambobi mataimakinsa yana rubutawa. A tsarin da yawancin ƙasashe suke bi, lambar farko ɓangaren baki ce, ta biyu kuma haƙorin: ɗaya-shida shi ne babban turmin farko na sama a dama, uku-takwas shi ne na can ƙarshe a ƙasa ta hagu. Zai busar da kowane haƙori da iska, saboda ruɓewar farko fari take kamar alli kuma ba a ganinta a jiƙe. Abin lura a nan: irin wannan farin tabon da bai zama kogo ba ba ya buƙatar a haƙe shi. Fuloraid da rage yawan lokutan shan zaƙi suna iya tsayar da shi. Likitan da ya ce “mu sa masa ido zuwa zama na gaba” ba ragwanci yake yi ba. Wanda yake danna tsinin ƙarfe da ƙarfi cikin irin wannan tabon shi ne yake iya fasa saman da zai iya warkewa. Kowane ciko yana da iyakar shekarunsa, kuma duk lokacin da aka sake shi ramin ƙara faɗi yake yi.

Awon dasashi shi ne zuciyar hidimar, kuma da shi muke yanke wa asibiti hukunci. Ana yin sa da siririn ƙarfe mai ɗan dunƙulen kai na rabin milimita, da baƙin zobe daga milimita 3.5 zuwa 5.5. Ana zura shi tsakanin haƙori da dasashi da matsi kaɗan, kamar nauyin giram 20 zuwa 25, ana zagaya kowane haƙori. An raba baki gida shida, kowane gida a ba shi lambar wurin da ya fi muni a cikinsa. Sifili lafiya lau. Ɗaya, ya yi jini. Biyu, akwai kanta ko bakin ciko da yake riƙe dauɗa. Uku, baƙin zoben ya fara nutsewa, wato aljihun ya kai milimita 4 zuwa 5. Huɗu, zoben ya ɓace gaba ɗaya, aljihun ya kai 6 ko fiye. Lafiyayyen dasashi bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Wanda ya sami huɗu a ko'ina yana buƙatar cikakken awo, wuri shida a kowane haƙori, da hoton da zai nuna inda ƙashi ya tsaya.

Abin da ya sa muka dage a kan wannan shi ne ciwon dasashi mai cin ƙashi ba ya zafi. Mutum yana iya shekara goma da shi, haƙoransa farare, ba kogo ko ɗaya, sai ranar da na gaba ya fara girgiɗi ko ya buɗe. A lokacin ƙashin da ya tafi ya tafi. A goge wa irin wannan mutumin haƙora a sallame shi ba tare da awo ba, kitso ne a kan ƙwarƙwata. Awon yana ɗan tsikara, inda ya kumbura ya fi jin sa, amma minti uku ne. Ka tambayi lambobinka shida.

Hoton eksire ba kowane zuwa ake buƙatarsa ba. Ƙananan hotunan da ake ciza a gefe biyu na baki su ne suke nuna ruɓewar da ke tsakanin turame da ta ƙarƙashin tsohon ciko. Mai yawan ruɓewa ana iya maimaita masa bayan wata shida zuwa shekara, wanda bakinsa yake lafiya kuma shekara biyu ko fiye. Hasken da ke cikin ƙaramin hoto ɗaya bai wuce abin da jiki yake sha daga ƙasa da sararin sama a kwana guda ba, don haka tsoronsa ya fi shi girma. Inda muke da ƙorafi shi ne asibitocin da suke ɗaukar wa kowane sabon zuwa babban hoton nan mai zagaya kai. Yana da amfani wajen turamen ƙarshe da suka maƙale da matsalolin muƙamuƙi, amma bai kai ƙananan ba wajen gano ruɓewa tsakanin haƙora. Kowane hoto ya kamata a iya faɗa maka abin da ake nema da shi, a kuma nuna maka a allo bayan an ɗauka.

Kankarewa da gogewa

Dauɗar da aka bari tana fara daskarewa da ma'adinan yawu cikin 'yan kwanaki, kuma da ta yi kanta buroshi ba ya iya ta. Wuri biyu ta fi taruwa: bayan haƙoran gaba na ƙasa, da gefen kunci na turamen sama, domin a nan hanyoyin yawu suke buɗewa. Ka sa harshe bayan haƙoranka na ƙasa, in ka ji kaushi kamar bangon da ba a yi wa shafe ba, ita ce. Na'urar da ake cire ta da ita tana karkarwa kamar sau 25,000 zuwa 30,000 a daƙiƙa, tana fesa ruwa don kada bakinta ya yi zafi. Hannun da ya iya da gefen bakin na'urar yake aiki, yana shafawa ba tsayawa, ba ya kafa tsinin a jikin haƙori. Bayan na'urar sai ƙarafan hannu don abin da ya rage, sannan a bi da zare a tabbatar ba inda yake sarƙewa. In aka gama cikin minti biyar ga bakin da ya shekara uku ba a taɓa ba, gaban kawai aka yi.

Zafinta ya danganta da kumburi da kuma ko gindin haƙori ya fito. Ba jarumtaka ba ce a jure: akwai man shafawa mai kashe zafi, akwai allura, kuma ana iya rage ƙarfin na'urar. Kai da likita ku yi alkawari tun farko cewa in ka ɗaga hannun hagu a tsaya. Mai saurin jin amai ya riƙa numfashi ta hanci, ya nemi a ɗan ɗaga kujerar.

Ƙorafin da aka fi kawowa bayan wanki shi ne wai an buɗe haƙora, ko an sa su girgiɗi. Abin da ya faru shi ne kantar ce ta cike kafar, ta manne haƙoran kamar siminti, kumburarren dasashi kuma ya rufe sauran. Da aka cire ta kumburin ya sauka, sai ɓarnar da take can tun da ta bayyana. Zirr da ruwan sanyi na kwana kaɗan zuwa mako ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani. Man goge baki mai potassium nitrate ko stannous fluoride yana rage shi, a shafa kaɗan da yatsa a wurin kafin barci a bar shi.

Sai dai a faɗi gaskiya game da iyakar wankin. Nazarin 2018 na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ya tattara gwaje-gwajen da aka yi kan manya masu zuwa asibiti a kai a kai waɗanda ba su da ciwon dasashi mai tsanani, ya ga cewa kankarewa da gogewa duk wata shida ko duk shekara tana rage kanta, amma bambancinta a kumburin dasashi bayan shekara biyu zuwa uku kaɗan ne ko babu. Wato ga mai lafiyayyen baki, abin da yake yi a gida ne yake riƙe da shi. Ga mai lamba uku ko huɗu a awon dasashi kuwa, wannan wankin bai isa ba sam. Shi aikin ƙarƙashin dasashi yake buƙata, wanda hidima ce daban: yawanci da allura, a zama biyu ko fiye, a sake awo bayan kamar wata uku a ga ko aljihunan sun ragu. Kuskuren yana zuwa ta fuska biyu, kuma duka ana yin su: a yi wa mai ciwo wankin sama a sallame shi, ko a rubuta wa mai lafiya wankin ƙarƙashin dasashi ba tare da an nuna masa lamba ko ɗaya ba.

Gogewar ƙarshe tana cire tabon shayi, kofi da taba daga saman haƙori. Ba ta canza asalin launinsa, wanda daga cikin haƙorin yake fitowa, don haka wanda ya zo da tsammanin fari tas zai koma da takaici. Inda ake amfani da na'urar fesa hoda, ka tambayi wace hoda ce. Ta bicarbonate tana da kaushi a kan gindin haƙorin da ya fito da kuma farin ciko, ta glycine ko erythritol ta fi laushi. Mai asma ya faɗa kafin a kunna.

Abin da ya fi gogewar amfani, kuma ba a cika tallarsa ba, shi ne fentin fuloraid mai ƙarfin 22,600 ppm da ake shafawa da ɗan buroshi. Ya dace da yara, da mai busasshen baki, da mai fitaccen gindin haƙori. Bayan an shafa a yi rabin awa ba ci ba sha, a guji abu mai tauri ko zafi na wasu awowi. Ga yara ƙanana dai zaman farko ya kamata ya zo da fitowar haƙorin farko, kafin su cika shekara, kuma turmin da yake fitowa a shekara shida na dindindin ne ko da yake ba wanda ya faɗi kafin ya fito. Iyaye da yawa suna ɗaukarsa na nono su bar shi ya ruɓe.

Minti biyar na ƙarshe su ma suna cikin abin da ka zo nema. A zaunar da kai, ba a yi maka bayani kana kwance da bututu a baki ba. In an ce akwai aiki, a rubuta: wane haƙori, me ya same shi, waɗanne hanyoyi ake da su, me zai faru in an jira. A gwada maka ɗan buroshin tsakanin haƙora a bakinka da madubi a hannunka, a faɗa maka launin da ya dace da kowane wuri.

Dawowa duk wata shida da aka saba faɗa ba doka ba ce. Tun 2004 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Ingila, ta ce tazarar ta bi haɗarin mutum: daga wata 3 zuwa wata 24 ga manya, daga wata 3 zuwa 12 ga 'yan ƙasa da shekara 18. Wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya kan manya fiye da 2,000 na tsawon shekara huɗu, wanda aka fitar a 2020, bai ga bambancin a zo a gani ba tsakanin masu dawowa duk wata shida da waɗanda aka sa wa rana gwargwadon haɗarinsu. Mai shan taba, mai ciwon suga, mai aljihun dasashi ko mai sabon kogo kowace shekara, wata uku zuwa shida ne nasa. Wanda ya jera zama da yawa da sifili da ɗaya a awon dasashi, ba sabon ciko, yana iya kai shekara ko fiye. In an ba ka rana, ka tambayi abin da ya sa aka zaɓi wannan tazarar, ka kuma nemi a rubuta maka lambobin dasashinka shida da kwanan wata a katinka, don in ka canza asibiti da su sabon likitan zai gane ko aljihun milimita 5 da ya gani tsoho ne da ya tsaya ko sabo ne da yake zurfi.